Ba Wanda Ya Taɓa Faɗuwa a Hannun Gwaggo

A danginmu, idan aka ce wani ya kwanta ciwo, kafin a tambayi asibitin da aka kai shi sai an tambaya ko an gaya wa Gwaggo Sista. Ita ce yayar mahaifina, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba nas ba ce, ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Aikinta a asibiti shi ne ɗaga marar lafiya, juya shi, wanke shi, canza masa zanin gado, da tura shi a keke zuwa ɗakin hoto. Ranar da ta fara dawowa gida da farar riga ne wani ƙanen kakanmu ya ce mata Sista, sunan ya bi ta har ta yi furfura. In akwai nas ta gaskiya a kusa takan ce, "Ku daina, kada ku ja mini." A gida kuwa ba ta taɓa hana mu ba.

Ni ce mai tuna labaran dangi, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni ce mai zama kusa da tsofaffi ina sa musu zare a allura. Abin da zan faɗa a kan Gwaggo, wani na gani da idona, wani ita ta ba ni, wani kuma daga bakin Mama.

Tana da wata jaka ruwan toka da ke rataye a bayan ƙofarta kullum a shirye. A ciki akwai filas, da ledar shimfiɗa, da tawul biyu, da sabulu marar ƙamshi, da ƙaramin cokali mai gajeren hannu, da man shafawa don kada kwanciya ta yi wa mutum gyambo. Ba kayan kwalliya ko ɗaya. Muna yara mukan ce in ka ga jakar nan ta shigo gida, to wani ya kusa daina zuwa makaranta.

Jinya ta same ta tun ba ta gama firamare ba. Kakarmu ta kwanta doguwar rashin lafiya lokacin Baba yana goye, kuma ba wata mace babba a gidan. Gwaggo ce ta ajiye littafi ta ɗauki kwano. Mata masu zuwa dubiya sukan tarar da ita tana goge wa uwarta baki da ƙanenta a bayanta, sai su ce, "Kai, wannan yarinya hannunta na jinya ne, Allah ya yi mata albarka." Ta taɓa gaya mini cewa kafin wannan lokacin ba a kiran sunanta a gidan sai in za a aike ta. Ba da ƙorafi ta faɗa ba, tana ninke tawul ne, ta faɗa ta wuce.

Da kakarmu ta rasu, Baba ya zama nata. Auta take ce masa har yau da gemunsa ya yi fari. Akwai wani wasa da suke yi tun ina ƙarama. Ita za ta ce, "Ni na koya wa wannan tafiya." Shi kuma ya ce, "Ke kika hana ni tafiya dai, Yaya. Sa'o'ina suna gudu ina bayanki ina leƙen su." Sai a yi dariya. Gaskiya ne kuma, tsofaffi sun tabbatar mini cewa Baba ya yi jinkirin tafiya har aka fara tsoron ko gurgu ne, alhali ƙafarsa lafiya lau, sauke shi ne ba a yi.

Ta yi aure da wani direban babbar mota, mutum mai haƙuri da son raha. Allah bai ba su haihuwa ba. Shi ne ya taɓa ce wa Baba, "In ina son ganin yayarka sai na ƙirƙiro zazzaɓi." In ya dawo daga doguwar tafiya sai ya tarar da ɗaki a kulle, tana gidan wani kawu ko wata ƙanwar kaka da ta karye. Sun rabu ba faɗa ba zagi. Bayan shekaru da ciwon ƙoda ya kama shi, ita ce ta ɗauki jakarta ta je ta zauna da shi har ya cika. Mama ta ce a wannan zaman ne kawai ta ga su biyun suna hira kamar mata da miji.

A asibiti ɗakin maza aka ba ta, dogon ɗaki mai gadaje jere hagu da dama, ma'aikata kuma ba su taɓa isa ba. A can ta koyi aikinta, kuma dole in bayyana yadda aikin yake, don daga nan komai ya taso. In ka tsaya jiran marar lafiya ya ɗaga cokali da kansa, abincin na gadon ƙarshe ya huce. In ka bar shi ya ɓalle maɓallin rigarsa, likita ya zo zagaye ya tarar ba a gama shiri ba. Saboda haka hannunka ya riga nasa. Kafin ya miƙa, ka miƙo masa. Lokar gefen gado kuma a ɓangaren da yake da ƙarfi ake ajiye ta, don kada ya yi ta kiran mutane. Babban abin kunya a wannan ɗakin shi ne marar lafiya ya faɗi. In ya faɗi, shugabar nas-nas za ta kira mai kula da shi a gaban kowa, ta tambaye shi inda idonsa yake. Gwaggo ta ga an yi wa abokan aikinta haka, ita kuwa ba a taɓa yi mata ba. Ranar da ta yi ritaya suka ba ta agogon bango, shugabar ta miƙe ta ce, "Wannan baiwar Allah, ba wanda ya taɓa faɗuwa a hannunta." Agogon ya daɗe da tsayawa. Maganar ce ba ta tsaya ba, mun ji ta a bakin Gwaggo har mun haddace.

Bayan ritaya na lura da wani abu da na ji kunyar lura da shi. In dangi suna lafiya, Gwaggo ba ta da lafiya. Za ka same ta a ɗakinta da labule a sake, tana ƙorafin ciwon kai, shayi ya huce a gabanta. Amma waya ta yi ƙara a ce wane ya kwanta, sai ka ga ta miƙe kamar an zuba wa shuka ruwa. Muryarta ta dawo, ƙafarta ta yi sauri, har waƙa take yi ƙasa-ƙasa tana duba jaka. Ba murna take da ciwon kowa ba, Allah ya sani. Ta yi kuka a kan gawarwaki da yawa. Sai dai a bakin gadon marar lafiya ne kawai ta san inda za ta ajiye hannunta.

Mu ma muna da namu laifin. In ana biki sai a ƙarshe ake tuna ta, in ta zo kuma wajen wanke-wanke take ƙarewa, ba wanda zai ce ta zo ta zauna. In ciwo ne kuwa, ita ce kiran farko. A sakandare malaminmu ya taɓa cewa abu uku ke motsa ɗan'adam, kwaɗayi da tsoro da son yabo. Na daɗe ina neman inda zan ajiye Gwaggo a cikin ukun nan ban samu ba. Ba ta taɓa karɓar ko sabulu a hannun wanda ta yi jinya ba.

Baba kafinta ne. Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai walda da mai gyaran fanka. Ƙofofi da tagogi ya fi yi, kuma yana alfahari cewa ƙofarsa ba ta kuka. Wata safiya yana goge fuskar wata ƙofa sai hannunsa na dama ya saki, ya zame ya zauna cikin garin katako. Mai walda ne ya kawo shi asibiti. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa da wuri, ko da yake da ɗan nauyi. Hannu da ƙafa ne suka ƙi.

Kafin a sallame mu aka haɗa mu da wata mai gashin ƙashi, matashiya siririya mai ƙaramar murya, wadda za ta riƙa zuwa gida. Tun zuwanta na farko Baba ya raɗa mata Sarkin Mugunta, saboda yadda take lanƙwasa masa yatsu yana ihu tana cewa, "Saura kaɗan, Baba." Ta zaunar da ni da Mama ta yi mana bayani a fili. Ta ce watannin farko su ne ƙofa, kuma ƙofar ba ta zama a buɗe. Hannun da ba a aiki da shi mantawa yake yi. Ta ce a ajiye masa kofi da rediyo a damansa, ɓangaren da ya mutu, don dole ta sa ya miƙa. A bar shi ya ɓalle maɓallinsa ko zai ɗauki rabin safiya. Da ta ji sana'arsa, ta sa aka kawo gwangwani biyu da manyan ƙusoshi, ya riƙa kwashewa daga wannan zuwa wancan da hannun dama. Ta kawo sanda mai ƙafa huɗu.

"Zai zubar da ruwa, zai ji haushinku, wataƙila ma ya faɗi," in ji ta. "Ku shimfiɗa katifa a ƙasa ku bar shi. In kuna son ya koma shago, ku daure ku zama marasa tausayi."

Baba ya ce, "Kin ji ko? Har ɗalibai take ɗauka."

Komawa shago shi ne duk abin da yake so. Ba ya tambayar ko zai warke, tambayarsa ita ce yaushe zai riƙe guduma.

Ranar da muka dawo gida mun tarar da Gwaggo a bakin ƙofa da jakarta. Kafin la'asar ta juya ɗakin. Ta matsar da gado jikin bango, ta ɗauke katifar ƙasa ta ce tuntuɓe za ta sa mutane, ta mayar da ƙaramin tebur hagunsa.

Mama ta ce, "Yaya, yarinyar nan ta ce a dama za a ajiye."

"Wace yarinya? Wadda aka haifa ina tura keke? A ina kika taɓa ganin an ajiye wa mutum ruwa inda ba zai kai ba? Ko kare ba a yi wa haka."

Muka bar teburin a hagu. Gaskiyar magana ita ce muna bukatarta. Mama tana aikin girki a wata makaranta, tun da sassafe take fita. Ni ina tsaron wani kantin magani har yamma. Ba Gwaggo, ɗayanmu sai ta bar aiki. Kuma in muka dawo a gajiye mukan tarar da Baba fes, an yi masa wanka, an shafa masa mai, ɗaki yana ƙamshin sabulu, ba gyambo ko ɗaya a jikinsa. Masu dubiya suna ta cewa, "Ai kun yi sa'a da kuke da Sista." Wa zai dawo da ciwon baya ya tayar da rigima a kan inda aka ajiye kofi?

Ranakun hutu ne nake ganin yadda abin yake. Baba zai kalli kofi, kafaɗarsa ta dama ta fara motsi, kafin yatsun su san an kira su kofin yana bakinsa, hannun Gwaggo a ƙarƙashin haɓarsa. Zai kama maɓalli, ta ce, "Kawo, Auta, kada shayinka ya huce." Ƙusoshin kuwa kwana kaɗan suka yi. Ɗaya ta ɗan karce shi a yatsa, sai na ga gwangwanayen a kan kabad.

"Gwaggo, aikinsa ne fa," na ce.

"Aikinsa? Mutum yana kwance a ba shi ƙusa? Ke dai je ki sayar da maganinki, 'yar nan. Jinya ba a takarda take ba."

In Sarkin Mugunta ta zo, Gwaggo takan tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu, duk ihun da Baba ya yi sai ta runtse ido kamar ita ake lanƙwasawa. In an tsayar da shi, sai ta zagayo ta saka kafaɗarta a hammatarsa ta ɗauke nauyin duka, ƙafarsa tana jan ƙasa kawai.

"Gwaggo, ki sake shi," in ji yarinyar. "Ƙafar ce nake so ta ji nauyi."

"In ya faɗi ke za a tambaya ko ni?"

"Ba mai tambayar kowa. Nan gida ne."

Gwaggo ta kalle ta kamar ta yi wani yare.

Ba zan ɓoye ba, Baba ma ya saki jiki. Gashi akwai zafi, hannun Yaya kuma akwai daɗi. Mutumin da ya yi shekaru yana ciyar da gida ya koma Auta, ana ba shi a baki ana goge masa gemu. Wani lokaci in ya ji sallamar yarinyar sai ya rufe ido ya yi kamar barci yake.

Mai walda ne ya farkar da shi. Ya zo dubiya wata rana da rana tsaka, ya zauna yana juya hularsa, can ya ce mai ginin ya fara tambaya, don shago a bakin titi ba ya zama a rufe, kuma akwai wani kafinta da ke zagaye wurin.

"Ka ce masa ina nan tafe," in ji Baba.

"Haka na ce masa. Ya ce da ƙafa ko a keke?"

Suka yi dariya, mai walda ya tafi. Washegari ina gida. Gwaggo ta fita shanya a bayan gida, sai ya ce mini, "Ke, sauko da katifar nan. Miƙo mini sandar Sarkin Mugunta." Na yi yadda ya ce. Ya dafa sanda da hagu, ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa ya miƙe. Ya ja ƙafar dama, ta bi shi. Ya sake ja. Gumi ya jiƙa masa wuya. Yana dab da ƙofa gwiwar ta lanƙwashe, ya tafi gaba ɗaya ya zube a kan katifa.

Dariya yake yi. "Kin gani? Ta ɗauke ni! 'Yar banzar ƙafar nan ta ɗauke ni!"

A haka Gwaggo ta shigo da bokiti a hannu. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye bokitin, ta ɗaga shi ita kaɗai kamar yaro, ta mayar da shi gado, ta duba gwiwa da ƙugu da kai. Ko ƙwarzane babu. Sannan ta zauna a bakin gadon tana kallon katifar.

"A hannuna," ta ce. "Sai da na tsufa. Kuma Auta."

"Yaya, tafiya na yi fa. Ba ki gani ba ne."

"Na ga inda ka ƙare."

Daga ranar sandar ta ɓace. Muka duba ko'ina, Gwaggo ta ce ita ba ta gani ba. Sarkin Mugunta ma ta daina zuwa. In mun tambaya sai Gwaggo ta ce, "Yaran yanzu ai haka suke, ta samu wani gidan." Mama ta ce za ta kira ta, gajiya ta sa kullum sai gobe. Ni ma na ce zan bi ta asibiti, ban je ba. Makonni suka wuce a haka. Yatsun Baba suka fara dunƙulewa cikin tafinsa, Gwaggo tana buɗe su a hankali tana wankewa tana shafa musu mai, tana mayar da hannun kan matashi kamar wani jariri.

A bakin titi Mama ta haɗu da yarinyar, tana jiran mota. Yarinyar ce ta fara gaishe ta, ta tambaya ko jirin Baba ya sauka. Mama ta ce wane jiri? Ashe ta zo har sau da dama. Kowane zuwa Gwaggo tana tare ta a ƙofar gida ta ce jiri yake fama da shi, likita ya ce a dakata da gashi, za a neme ta in ya samu sauƙi.

Mama ta shigo gida ko mayafi ba ta cire ba. A duk zamansu ban taɓa jin ta ɗaga wa Gwaggo murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Yaya, wane likita ne ya ce a dakata?"

Gwaggo tana ba Baba abinci da ƙaramin cokalin nan. Ba ta juyo ba. "Ni na ce."

"Sandar fa?"

"Tana bayan kabad. Ku ɗauka ku ba shi ya fasa kai, sai hankalinku ya kwanta. Ku da kuke fita tun safe, me kuka sani? Wa yake juya shi? Wa yake wanke shi? Ku duba jikinsa, ku nuna mini gyambo ɗaya."

"Ba wanda ya ce ba ki yi ba, Yaya. Amma hannunsa..."

"To na ji. Ya tashi ya tafi shago. Ke ki tafi makarantarki, wannan ta tafi kantinta. Shi ke nan, kowa ya samu wurin zuwa."

Ta ɗebo abinci ta kai bakin Baba. Bai buɗe ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa a kan matashi, sannan ya ɗago ya kalle ta. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Yaya," ya ce, "ki sauke ni haka nan."

Cokalin ya tsaya a iska. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai ta mayar da shi cikin kwano, ta goge masa baki duk da ba abin da ya taɓa bakin, ta tashi ta wanke cokalinta ta saka a jaka. Ta ninke ledarta da tawul ɗinta. A bakin ƙofa ta ce mini, "Ki riƙa juya shi ta hagu in ya daɗe a kwance. Man yana kan taga." Na raka ta har titi, ba ta bar ni na riƙe jakar ba.

Mama ta rage aikinta zuwa rabin yini, ni na koma aikin yamma. Gidan ya daina ƙamshin sabulu. Baba ya zubar da shayi a kan zanin gado ba adadi, ya zage mu, ya faɗi a kan katifa har muka daina firgita. Sarkin Mugunta ta dawo. Ƙafar ta amsa, sannu a hankali, har ya kai ga fita ƙofar gida da sanda. Hannun ne bai amsa ba. Yatsun sun riga sun sandare, ko cokali ba sa riƙewa, balle guduma.

Na tambayi yarinyar a keɓe ko da ba a yi wancan jinkirin ba hannun zai dawo. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, akwai hannun da ko an yi komai ba ya dawowa. "Amma nasa yana motsi lokacin da na fara zuwa," in ji ta.

Shagon ya koma hannun wancan kafintan. Baba yakan je wani lokaci ya zauna a benci wurin mai walda, in an fito da sabuwar ƙofa ya shafa gefenta da babban yatsansa na hagu, ya ce, "Wannan za ta yi kuka kafin shekara." Ba mai jin haushinsa.

Dangi sun rabu biyu a kan maganar. Wasu suka ce Gwaggo ta cuci ƙanenta, wasu suka ce Mama ce marar godiya. Ni na kasa shiga ko ɗaya. Na san ta yi ƙarya, ta ɓoye sanda, kuma ta san abin da take yi, don ta ga masu irin ciwon nan da yawa. Na kuma san cewa in da za a ce ta ba da nata hannun a saka wa Auta, kafin a rufe baki ta miƙa. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta tsaya tana kallo hannunta a sake. Tun tana yarinya ba wanda ya taɓa yaba mata don ta zauna. Mu kuma da muka ga kofi a hagu muka yi shiru saboda mun gaji, ban san sunan da za a ba namu ba. Ba a daɗe ba matar wani ɗan kawunmu ta yi tiyata, kuma Gwaggo aka fara kira, har da waɗanda suka fi kowa zaginta. Ta ɗauki jaka ta tafi.

Bara gwiwoyinta suka gaza. Shekarun ɗaga manyan maza sun taru sun sauka a kansu lokaci ɗaya. Ta ƙi kowa ya zo ya zauna da ita. In na je sai ta ce, "Wa ya ce miki ba ni da lafiya?" alhali da bango take dafawa ta kai banɗaki.

Baba ne ya ce in raka shi. Tun ranar da ta bar gidanmu ba su zauna su biyu ba sai gaisuwa a taro. Muka same ta a kujera, labule a sake, jakar tana rataye a bayan ƙofa, agogon yana bango a tsaye. Suka gaisa kamar baƙi. Can ta fara tari, ta waiga tana neman ruwa. Filas ɗin da kofi suna kan tebur a ɗaya gefen ɗakin. Na yunƙura, Baba ya ce, "Zauna."

Ya miƙe da sandarsa. Ya ja ƙafa har tebur. Ya jingina sandar, ya zuba ruwa da hagu, ya tsaya yana tunanin yadda zai haɗa kofi da sanda a hannu ɗaya. Sai ya bar sandar a wurin. Ya juyo da kofi, ba abin dafawa, yana tangaɗi, ruwa yana zuba a kan siminti.

Na kalli Gwaggo. Jikinta duka ya karkata gaba, bakinta a buɗe. Sai na ga ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Haka ta zauna har ya iso.

Abin da ya rage a kofin bai kai rabi ba. Ta zaro hannu ɗaya ta karɓa ta shanye.

"Ka zubar da rabi," ta ce.

"Wadda ta koya mini tafiya ce ba ta iya ba."

Ta yi tsaki, ta kawar da kai gefe na ɗan lokaci. Baba ya zauna a bakin gadonta yana haki, na je na ɗauko masa sandarsa. Da na juyo sai na ga ta zame ɗankwalinta ta jefa a ƙasa, ta taka shi da ƙafarta mai ciwo, tana jan shi a hankali a kan ruwan da ya zube, daga gaban kujerarta zuwa iyakar inda ƙafar ta kai.

"Kafin ya tashi komawa," ta ce mini, ba ta ɗago ba. "Goge sauran can."